Zuciyar Mina a Littafin Likita

Ni ba maƙaryaciya ba ce, ku tambayi duk wanda ya zauna da ni. Ƙarya ɗaya na taɓa yi mai nauyi, ita ma ban buɗe baki na faɗe ta ba, hannu kawai na miƙa. Amma saura ƙiris ta ci ran ƙanwata.

Sunana Ladi, mutuniyar Keita ce, can ƙasar Tawa. Na zo Arlit a shekarar 1977, lokacin da kowa ke ɗaure kayansa yana yin arewa. Maigidana, Zayyadu, Allah ya yafe mini kiran sunansa, yana tuƙa ɗaya daga cikin manyan motocin da ke kwaso dutse daga ramin haƙar uraniyom. Kamfani ya ba mu ɗaki biyu a Site, unguwar ma'aikata, ga pampo a tsakar gida, ga kuran, wato wutar lantarki. Ni da na tashi ina jan guga gaba ashirin, ranar farko na yi ta buɗe pampon ina rufewa har maƙwabciya ta leƙo ta ga ko lafiya.

Sai kuma karne, ɗan littafin asibiti. Asibitin kamfani na ma'aikaci ne da matarsa da 'ya'yansa, kowa da nasa karnen. Na maza akwai hoto, na mata suna ne kawai. Dokar kuwa ba ta wasa: wanda ya ara wa wani karne, aikinsa ya tafi, gidan ma ya bi shi. A gabanmu aka yi wa wani Bakatsine haka, muna tsaye ana ɗora katifunsa bisa amalanke.

Mina ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta Mano ya biyo mu da ita yana neman aiki, bai samu ba, sai ya koma buga tubali a Bukoki, unguwar waɗanda kamfani bai ɗauka ba. A can ta haifi ɗanta na fari, cikin bukka. Mako uku da haihuwa ta soma kumburi. Ƙafafu tukuna, sai ciki, sai fuska, har idanun suka shige. Ba ta iya kwanciya, in ta kwanta numfashi ya ƙwace mata, sai dai ta yi barci a zaune. Mai maganin da ke Bukoki ya duba ta ya ce wannan ta fi ƙarfinsa.

Wata safiya na same ta leɓɓanta sun yi toka. Ban yi shawara da kowa ba. Na koma gida na ɗauko karnena, wanda ko layi ɗaya ba a taɓa rubutawa a ciki ba, don 'ya'yana biyu, Garba da mai bi masa, a Keita na haife su, kuma ko ciwon kai ban cika yi ba. Na sa aka ɗora ta a amalanken jaki. A tagar asibiti na miƙa karnen, magatakarda ya karanta, "Ladi Zayyadu," ni kuwa na yi shiru. Aka shiga da ita.

Da maigida ya dawo daga aiki na gaya masa. Ya ce, "Kin yi, ya wuce. Allah ya rufa asiri." Kwana uku bai ci tuwon kirki ba.

Likitan wancan lokacin wani tsohon Anasara ne. Ya ce zuciyarta ce ta buɗe ta gaji, ruwa ya taru a jiki, kuma yakan ga haka ga mata masu jego. Aka yi ta yi mata allura, ta yi ta fitsari, kwana ashirin ta sace ta koma Minar da na sani. Ya sa ta cikin wani babban littafi, lamba goma sha bakwai, ya ce ta dawo bayan wata ɗaya, da wata uku, da shida, da shekara, a riƙa ɗaukar hoton ƙirjinta, abin da a can ake ce wa radiyo. Ta je na farko da na biyu. Da damina ta faɗi a kudu, Mano ya gaji da tubali, ya kwashe ta suka koma gida noma. Yaron bai kai shekara ba ƙyanda ta ɗauke shi. Na yi kuka, na aika gaisuwa, a raina kuma na ce zancen asibiti dai ya mutu.

Ina! Ranar da shekara ta cika sai ga maigida da takarda a hannu, shef ɗinsa, shugabansu na wurin aiki, shi ya ba shi a gaban mutane. Ana neman Madam Zayyadu a asibiti ran Talata. In ba ta zo ba, za a biyo ta gida a duba ta.

"Yanzu sai yaya?" in ji shi.

Na ce, "Ai ni ce Madam Zayyadu. Sai in je."

Abin da ya ba ni ƙarfin hali, na ji an ce Anasaran ya gama wa'adinsa ya koma ƙasarsu. Sabon likitan ɗan Damagaram ne, Likita Fatahu, siriri, mai saurin magana, aljihun rigarsa cike da bik na rubutu. Wanda ya rage daga mutanen da suka ga Mina shi ne Majo Hamadi, babban mai jinya, wani Ba'abzine da ke ce wa kowa "kai", mace ko namiji. Ya karɓi karnen, ya dube ni, ya sake duba na, ya ce, "Kai ka yi kyau, Madam." Bai ƙara ba. Ya kai ni ɗakin hoto, na manna ƙirji a ƙarfe mai sanyi, aka ce in riƙe numfashi.

Da hoton ya fito, likita ya maƙala shi a wani gilashi mai fitila, kusa da na bara. Ya ɗauko ɗan katakon awo irin na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ya auna wannan, ya auna wancan, ya sake aunawa. Sai na ga mutum yana murmushi shi kaɗai.

"Madam, zo ki gani," ya ce. "Wannan ce zuciyarki bara, ta cika fiye da rabin ƙirji. Ga ta yau. Ko ni tawa ba ta fi wannan kyau ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Shi kuwa daɗi ya kwance masa baki. Ya buɗe babban littafin ya nuna mini layuka. Mata talatin da ɗaya ke ciki, in ji shi, duka masu wannan ciwo bayan haihuwa. Ba magani kawai ake ba su a sallame su ba, ana bin su ne a ga yadda kowace za ta ƙare, don in wata ta zo gobe a iya gaya mata abin da ke gabanta. Abin da suka gani kuwa, wadda zuciyarta ta koma daidai cikin shekara, takan sake haihuwa lafiya. Wadda tata ta tsaya a buɗe, ciki na gaba shi ne abin tsoro. Huɗu irin waɗannan sun sake ɗaukar ciki, uku an binne su.

"Taki ta fi ta kowa girma a littafin nan," ya ce. "Na cire rai da ke tun kafin in gan ki. Yau kin koya mini abu. Ki je, in Allah ya kawo rabo ki haihu, babu fargaba."

Na fito ina hamdala asirinmu ya rufu. Wallahi abin da na ji ke nan, ba zan yi wa kaina ado ba. Na daka wa maigida fura mai kyau, muka yi dariyar yadda aka yaba zuciyata. Zancen ukun da aka binne kuwa na tura shi can gefe, na ce ai Mina ta warke, da idona na ga ta sace.

Bayan wata biyu Inno ta zo. 'Yar garinmu ce, takan hau kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa, ta kawo gabu da kuka da daddawa ta sayar a Arlit, ta koma da sabulu da atamfa. Muna zaune da hantsi tana ba ni labarin gida, wa ya yi aure, wa ya sayi raƙumi, sai ta ce, "Af, na manta babban. Mina na da ciki, ya kai wata uku. Innarku har da guɗa, ta ce Allah ya mayar musu da wanda suka rasa."

Na ce, "Tana lafiya dai?"

"Lafiya lau. Sai ɗan nauyin ƙafa irin na masu ciki. Kuma ta tsiro da wata ɗabi'a, ba ta kwanciya, sai ta jingina da buhun hatsi ta yi barcinta a zaune."

Ludayin da ke hannuna ya faɗi cikin ƙwarya. Inno ta ci gaba da surutunta, ban ƙara jin ko kalma ɗaya ba. Likita ya ce babu fargaba, amma zuciyata ya gani. Ta Mina ba wanda ya gan ta tun watanni goma sha ɗaya, kuma maganinta ya ƙare tun tuni.

Maigida na aikin safe a makon, ya dawo da azahar. Na bari ya yi wanka ya yi salla ya ci abinci, sannan na durƙusa na gaya masa duka. Na ce, "Baban Garba, in na je na faɗi gaskiya, aikinka da gidan nan na iya tafiya. In na yi shiru, Mina ce za ta tafi. Ni na jawo, amma kai za a kora, shi ya sa ban tafi ba sai na gaya maka."

Ya tambaye ni, "Ba yadda za a kawo ta da karnen, kamar wancan karon?"

"Ya ga fuskata. Ya ga hotona."

Ya hau murza hularsa. Mutumin nan shekara shida ya yi yana dako a tashar Tawa kafin ya samu wannan aiki, kuma bakuna goma sha ɗaya ke ci daga albashinsa a ƙauye. Na san duk wannan yana yawo a kansa. Can ya ce, "Gobe ba ni da aiki. Tare za mu je, kada a ce na turo mace ta ɗaukar mini laifi."

Ban taɓa son sa kamar ranar ba, kuma ban gaya masa ba, don ba mu saba irin wannan magana ba.

Likita Fatahu ya tarbe mu da fara'a, har yana ce wa maigida ya yi sa'ar mata. Na ce, "Likita, hoton bara ba nawa ba ne. Na ƙanwata ne. Ni ban taɓa ciwon zuciya ba."

Fara'ar ta ɗauke. Ya sa na maimaita, na maimaita. Ya tashi ya rufe ƙofa.

"Kin san abin da kika yi?" ya ce, bai ɗaga murya ba, amma da ya yi ihu da ya fi mini sauƙi. "Na riga na rubuta wa malamaina a Yamai cewa har mai babbar zuciya tana iya komawa daidai. Saboda ke. Makon jiya wata ta tambaye ni ko ta sake haihuwa, na kusa ce mata ta gwada, ina tuna hotonki. Allah ya sa na ce ta jira."

Ya jawo littafin, ya zaro jan bik, ya ja layi a kan abin da ya rubuta ranar Talatar nan.  Maigida ya ciro katinsa na shiga aiki ya ajiye bisa tebur, ya ce, "Likita, laifin gidana ne. Ga shi."

Ko kallon katin bai yi ba. Ni ya juyo ya fuskanta.

"Tana ina yanzu?"

"Keita. Tana da ciki wata uku."

"Tana iya kwanciya?"

"A zaune take barci."

Ya rufe ido kaɗan. Sannan ya buɗe ƙofa ya kira Majo Hamadi, ya tambaye shi yaushe motar da ke ɗauko magani daga Yamai za ta tashi. Majo ya ce jibi. Likita ya ce to a dawowa ta ratsa Keita, kuma Majo zai bi ta da allurai. Ya tura wa maigida katinsa da ɗan yatsa.

"Ɗauki abinka, ni ba ni na ɗauke ka aiki ba. Amma ku ji da kyau, ba zan yi wa na sama ƙarya saboda ku ba. Zan je in gaya wa shugaban asibiti cewa lamba goma sha bakwai ba matar ma'aikaci ba ce, kuma ina bukatarta, don duk wadda aka fara bi sai an ga ƙarshenta. Abin da za su yi maka, ban sani ba. Zan roƙa."

Ya roƙa ɗin. Aka dakatar da maigida kwana takwas, aka rubuta masa gargaɗi, gida kuma aka bar mana. Har yau ban san me likitan ya faɗa musu ba.

Na bi motar. A hanya Majo Hamadi ya ce mini, "Ranar nan na ga kai ba shi ba ne. Na ce ko kumburi ne ya sauya fuska. Na so ya zama haka, shi ya sa ban tambaya ba." Muka sami Mina a inuwar rumbu, ƙafafunta sun cika, tana cewa ba komai, ciki ne. Mano bai yi gardama ba, Allah ya saka masa. Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, don lokacin ba a gama zuba kwalta ba, Majo na gefenta yana ƙirga bugun hannunta.

Hotonta ya fito, zuciyar na nan yadda take bara, ko ɗan yatsa ba ta ragu ba. Mina ta dubi likita ta ce, "Mutuwa zan yi?"

Ya jawo kujera ya zauna daidai da ita. "Ba zan ɓoye miki ba. Huɗu irinki na sani, ɗaya ta tashi. Amma duk huɗun sun zo ne bayan sun haihu, ruwa ya riga ya cika musu huhu. Ke ce ta farko da na samu tun ciki na ƙarami. Saboda haka ban sani ba. Zan yi abin da na iya, ke ma ki yi abin da na ce."

Ni dai wannan "ban sani ba" ta fi kwantar mini da hankali a kan duk wani daɗin baki. Na gode masa a kanta har gobe.

Sai ya tambaya wa ya yi mata jegon fari. Na ce ni, da alfaharina, don ban rage komai ba: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, gado mai wuta a ƙasa, kunun kanwa ƙwarya guda kullum. Ya ce kusan duk matan littafinsa haka aka yi musu. Bai ce shi ne ya kawo ciwon ba, don dubbai na yi ba abin da ke samun su. Amma kanwa gishiri ce, tana tara ruwa, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki, mai rauni ba ta ɗauka. Na fita bayan ɗakin na yi kuka mai isata. Da hannuna na dama mata kunun, ina cewa ta shanye.

Wata shida Mina ta yi a ɗakinmu. Ba gishiri, ba kanwa, ba daka, ba ɗaukar ko buta. Duk Talata muna asibiti a auna nauyinta, a saurari ƙirjinta, a rubuta. Da ciki ya shiga wata tara aka kwantar da ita. Ta haifi mace da hantsin wata Alhamis, likita na tsaye.

Kwana uku da haihuwa Innarmu ta sauka daga kamiyo da ƙullin kanwa a ka, tana tambayar inda ake sayen itace. Ni da ban taɓa mayar mata da magana ba, na durƙusa na ce, "Inna, wannan karon ba za a yi ba."

"Ba za a yi me ba? So kike a ce 'yata ta haihu an bar ta ɗanya, kamar marar dangi?"

Sai na kai ta wurin likita. Ya ba ta kujerarsa, ya kira ta Inna, ya yi mata bayani a hankali, bai ce tsofaffi sun yi kuskure ba. Ta saurara fuska a ɗaure. Da ya gama ta ce, "Mata nawa ka ce ka gani?"

"Talatin da ɗaya, Inna."

 Sai ta soma lanƙwasa yatsu tana lissafi. Yayarta Hawa, kwana talatin da haihuwa, kumburi. Matar ƙanen babanmu. 'Yar maƙeri. Ta lissafa mata bakwai a Keita kaɗai, duka an ce iskar jego ce. Likita ya zaro bik yana rubutawa, yana tambayar ta haihuwa ta nawa, da rani ko da damina. Da za mu fita ta miƙa mini ƙullin kanwar ta ce in kai wa masu dabbobi.

Zuciyar Mina ba ta koma daidai ba, likita kuma ya gaya mata a gaban Mano cewa wannan ce haihuwarta ta ƙarshe. Sau biyu ruwa ya so taruwa, sau biyu aka kore shi. Ranar da ta yi arba'in aka sallame ta. Maigida ya nemo mota, ta ce a'a, da ƙafarta za ta je. Ta goya 'yarta, muka kamo hanyar Site, ina bayanta ina jin numfashinta. Sau biyu ta tsaya ta huta. Da muka isa ta zauna a bakin ƙofa, na zubo mata tuwo, ta ci loma uku ta yamutsa fuska.

"Yaya, miyar nan taki ba ta da daɗi ko kaɗan," ta ce. "Ƙaro mini."

Na karɓi kwanon na shiga madafa, na tsaya a can sai da hawayena suka tsaya, sannan na cika mata shi.